Ku Tambayi Malama: Sai an hau jirgi ake karatun talauci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama, ya aiki, ya iyali? Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a jami'a, fannin nazarin zamantakewar al'umma nake karantawa. Na ci karo da tallar wani shiri na zangon karatu ɗaya a Tailan da Kambodiya, inda za a koyar da mu kan talauci, raya al'umma da yaƙi da safarar mutane. A cikin tsarin har da mako biyu na aikin sa-kai a gidan marayu, da ziyara gidan da ake kula da matan da aka ceto daga hannun masu safara. Gaskiya raina ya biya. To amma da na kai wa mahaifina maganar, dariya ya yi ya ce, "Yanzu talaucin ne sai an hau jirgi kafin a gan shi?" Na rasa ta cewa. Malama, in matsa ne ko in haƙura?

Wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki gaishe min da Baba, ki ce masa tambayarsa ta fi tallar da kika gani ma'ana. In dai ganin talauci ne, kowace ƙasa da nata, ba sai an nemi biza ba. Abin da ake fita nema daban ne: yadda ake auna talaucin, yadda ake yi wa mai fama da shi tambaya har ya faɗi gaskiyar halinsa, da sanin abin da wasu suka gwada ya yi aiki da wanda ya watse musu a hannu. In shirin zai ba ki waɗannan, kuɗin bai tafi a banza ba. In kallo za a kai ki, Baba ya yi gaskiya.

Mu fara da awon. Bankin Duniya yana da layi guda: wanda abin da yake rayuwa a kai a rana bai kai kaza ba, yana cikin matsanancin talauci. A 2015 layin dala 1.90 ne, a 2022 aka mai da shi 2.15, a watan Yunin 2025 kuma ya koma dala 3. Duk sanda aka taɓa lambar nan, miliyoyin mutane ne ke shiga ko fita daga sahun matalauta a takarda, alhali a gidajensu babu abin da ya sauya. A 2010 masu bincike na Jami'ar Oxford da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito da wani ma'aunin da ba ya tambayar kuɗi sam. Abubuwa 10 yake dubawa, irin su mutuwar ƙananan yara, tamowa, shekarun da aka yi a makaranta, ruwan sha, banɗaki, lantarki, makamashin girki da irin ginin gida. Gida yakan tsallake layin dala ya zo ya faɗi a wannan. Wanda ya san abin da kowane ma'auni ke nunawa da abin da yake ɓoyewa, ba a yi masa rufa-rufa da rahoto.

Sai tambayar mutane, wadda ita ce ta fi wuya. Lokacin da nake nawa karatun an tura mu wani ƙauye a arewacin Bangaladash. Mun iso da takardun tambayoyi a buge, kowace da gurbin "nawa ake samu a wata". Malamin da ya raka mu, ɗan ƙasar ne, ya ce mu mayar da su jaka tukuna. Ya tara matan unguwar a tsakar wani gida, ya miƙa wa wata dattijuwa sanda, ta zana ƙauyen a ƙasa: ga kududdufi, ga makaranta, ga hanyar da ke nutsewa in ruwa ya sauko. Kowane gida aka aje masa tsakuwa, aka ce su kasa gidajen kashi-kashi, daga masu hali zuwa waɗanda ba su da komai. Sai gardama ta kaure a kan tsakuwa ɗaya. Gidan rufin kwano ne, baƙo zai sa shi a tsakiya. Matan suka tura shi can ƙasa. Tafinta ta faɗa mana dalili: kwanon na bashi ne, mijin ya tafi birni ya daina aike, kuma a duk ƙauyen babu mai yarda ya ranta wa matar ko kuɗin magani. A wurinsu, wanda ba mai ba shi rance shi ne matalaucin gaske. Babu wannan gurbin a takardunmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Robert Chambers na cibiyar nazarin raya ƙasa ta IDS da ke harabar Jami'ar Sussex a Ingila yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan salon aiki, kuma kyawunsa shi ne in kin iya shi, sanda da tsakuwa kawai yake buƙata a ko'ina kika samu kanki.

Bangaladash ɗin ma darasi ce sukutum. A can ne Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra a 1976, abin da ya zama Bankin Grameen a 1983, ya kuma kai su ga kyautar Nobel a 2006. Duniya ta ɗauka an gano maganin talauci: a ba mata ƙaramin bashi, shi ke nan. Da aka zo aka auna da kyau, binciken da aka wallafa a 2015 daga ƙasashe 6 ya nuna bashin yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, amma bai tsame yawancin gidaje daga talauci ba. Ƙungiyar raya al'umma ta BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a Bangaladash a 1972, ta riga ta lura cewa matalautan can ƙasa bashin ba ya ma isa gare su. A 2002 ta soma ba su dabba ko jari kyauta, da ɗan abin kashewa, da horo, da mai zuwa gida yana duba su har kimanin shekara biyu. An gwada wannan a Habasha, Ghana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, a yawancinsu ribar ta ɗore bayan an janye tallafin. A Honduras kuwa kajin da aka raba cuta ta kashe da yawansu, abin bai yi armashi ba. Irin wannan labarin kajin nake so ɗalibi ya dawo da shi, domin shi ke hana mutum ɗaukar shirin wata ƙasa ya dasa a wata ido rufe.

Yanzu ga inda tallar taki ta tsaya min a rai. Aikin sa-kai a gidan marayu na mako biyu, ni ban yarda da shi ba, kuma a Kambodiya abin ya fi muni. Wani bincike da UNICEF ta tallafa ya nuna gidajen marayu a ƙasar sun ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, kuma mafi yawan yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Marayu ba su ƙaru ba, baƙi masu zuwa da kuɗi ne suka ƙaru. Ana bin iyaye matalauta a ƙauyuka da alkawarin makaranta, a kawo yaran birni, su yi wa baƙi rawa, a karɓi gudummawa. Abin ya kai a 2018 Ostireliya ta ayyana irin wannan a matsayin nau'in bautar zamani. Ki duba ki gani: shirin da ya ce zai koya miki yaƙi da safara yana iya zuba kuɗinki a cikin kasuwarta. Ko gidan na gaskiya ne, yaro da ke shaƙuwa da sabuwar fuska duk bayan mako biyu ta tafi ta bar shi, cutarsa ake yi.

Gidan matan da aka ceto ma haka. Macen da aka sayar, aka wulaƙanta, ba ta buƙatar motar ɗalibai ta tsaya a ƙofa a shigo ana kallonta ana matsar ƙwalla. Masu kula da su, lauyoyinsu, da waɗanda suka warke suka zaɓi su yi magana da kansu, su ne malamanki.

Don haka ki rubuta wa masu shirin. Ki tambaye su su wa ke koyarwa, 'yan ƙasar ne ko baƙi irinki. Ki tambaya ko jami'arku za ta karɓi makin da za a ba ki, da ko za a koya miki wani abu na harshen mutanen, da nawa ne ke isa hannun al'ummar da za a shiga cikin kuɗin da za ki biya. Ki kuma tambayi dokarsu kan ɗaukar hoton yara. Shirin kirki zai amsa ba tare da kame-kame ba. In sun ce gidan marayun dole ne, ki bar musu abinsu, ki gama digirinki, ki yi aikin shekara biyu a cikin mutane, sannan ki karanta amsar da na ba ɗan'uwanki a ƙasa. Ina zaton wannan hanyar Baba ma zai sa mata albarka.

Tambaya: Malama barka da aiki. Na gama digirin farko, yau shekara uku ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa matasa. Burina in yi digiri na biyu a waje kan safarar mutane, in dawo in riƙa ceto waɗanda aka sace. Wace jami'a ce ta fi, kuma ya mai ƙaramin ƙarfi irina zai yi da kuɗin makaranta?

Wani matashi

Amsa: Barka kadai ɗana, Allah ya cika maka burinka. Sai dai kafin mu je ga jami'a, ka ce "waɗanda aka sace". Ana sacewa, amma kaɗan ne. Yawancinsu da ƙafarsu suka tafi, da jakarsu, da addu'ar iyaye, wani ma gona aka sayar aka biya masa dillali.

Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da safarar mutane, wadda ta fara aiki a 2003, ita ce ƙasashe ke gina dokokinsu a kai. Abu uku take nema kafin a ce safara ce: an ɗauki mutum ko an kai shi ko an ajiye shi, an yi haka ta hanyar ƙarfi, barazana, yaudara ko cin gajiyar rauninsa, kuma manufar ita ce a ci da guminsa ko jikinsa. In yaro ne ƙasa da shekara 18, ba a ma neman hujjar yaudara ko ƙarfi. Ba sharaɗi ba ne a tsallaka iyaka, ana yi wa mutum a cikin ƙasarsa. Mai tsallakar da baƙin haure kuma laifinsa daban ne: an biya shi, ya kai mutum, sun rabu. Sai dai sau da yawa tafiyar da aka fara a haka takan rikiɗe a hanya in kuɗi ya ƙare, kamar yadda duniya ta gani a bidiyon gwanjon mutane a Libiya da CNN ta nuna a Nuwamban 2017.

Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas, wasu miliyan 22 kuma cikin auren dole. A cikin miliyan 27.6 ɗin, miliyan 6.3 ne aka tilasta wa karuwanci. Sauran suna gonaki, masana'antu, wuraren gini, jiragen kamun kifi da aikatau a gidaje, har da waɗanda gwamnatoci ne da kansu ke tilasta musu. A 2024 ƙungiyar ta ce haramtacciyar ribar da ake samu daga aikin tilas ta kai dala biliyan 236 a shekara.

Wata malamarmu ta taɓa raba mana hoton shafi ɗaya na littafin wani dillalin ma'aikatan jirgin kamun kifi, an goge sunan mai bashin. Gefen hagu: kuɗin mota zuwa tashar ruwa, kuɗin takardu, takalmin roba, rigar ruwa, magani, tarar ranar da ya kwanta ciwo. Gefen dama: albashi. Kowane wata hagu ya fi dama da ɗan kaɗan, ba da yawa ba, daidai yadda mutum zai riƙa ganin saura ƙiris ya fita. Ta ce mu nuna mata inda sarƙa take a shafin. Babu sarƙa, babu kwaɗo, lissafi ne kawai. Inda lissafin ya kasa riƙe mutum kuma sai a koma ga ƙarfi: a 2015 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP sun tarar da masunta 'yan Miyanma a kulle cikin keji a Benjina ta Indonesiya, kuma rahoton ya kai ga 'yantar da sama da mutum 2,000.

Na kawo maka duk wannan ne don ka san abin da za ka karanta. Fasa ƙofa a fito da mutane aikin 'yan sanda ne, kuma rana ɗaya ake yin sa. Wanda aka ceto ya koma gida ya tarar da bashin da ya kore shi yana nan, ba da jimawa ba zai sake bin wani dillalin. Masu amfani a wannan fage su ne waɗanda suka san dokar ƙwadago, suka iya bin diddigin kuɗi, suka san yadda ake sa ido kan kamfanonin ɗaukar ma'aikata, ko suka ƙware a kula da wanda ya dawo da tabo a zuciya. Ka zaɓi ɗaya ka iya shi sosai.

Game da makarantu: a Birtaniya akwai cibiyar Rights Lab a Jami'ar Nottingham da cibiyar Wilberforce a Jami'ar Hull, duka suna bincike kan bauta ta da da ta yanzu. In ɓangaren talauci da raya al'umma ka fi so, ga IDS a Sussex da aka kafa a 1966, ga SOAS a Landan, ga ISS a birnin Hague na Holan tun 1952. Kuma kada ka raina na kudancin duniya. Cibiyar Tata ta nazarin zamantakewa a Mumbai, wadda ke nan tun 1936, da Jami'ar BRAC a Dhaka, a ganina sun fi wasu manyan sunaye kusantar da ɗalibi ga aikin fili.

Kuɗi kuwa, shekara ukun nan da ka yi kana aiki su ne jarinka. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, kuma sai ka yi alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan karatu. DAAD ta Jamus tana da tallafi na musamman ga kwasa-kwasan raya ƙasa, ita ma da sharaɗin aikin shekara biyu. Akwai tallafin Commonwealth, akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai inda ake karatu a ƙasashe aƙalla biyu. Dukkansu ka bi ƙa'idar nema da ke shafinsu, ba a biyan ɗan tsakiya. A takardar neman, kada ka cika ta da "ina son taimakon al'umma", kowa haka yake rubutawa. Ka ba su matsala ɗaya da ka gani a wurin aikinka, abin da kuka gwada, inda ya tsaya, da abin da kake so ka koyo don ka ƙarasa.

Tambaya: Malama, in mutum ya gama irin wannan karatun, akwai aiki kuwa?

Wani mai karatu

Amsa: Akwai, amma ba kamar da ba. Manyan ƙasashe masu ba da agaji sun rage hannu, Amurka ma ta rushe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, USAID, a 2025, ƙungiyoyi da dama sun sallami ma'aikata. Wanda ya dawo da takarda kawai zai sha wuya. Wanda ya dawo ya iya ƙididdiga, ya iya tsara bincike da rubuta rahoto, ko yana da shari'a ko aikin lafiya a hannu tun farko, shi ba ya rasa wurin zama, ko a gwamnati, ko a jami'a, ko a kamfanonin da doka ke tilasta wa su binciki yadda ake samar da kayansu.

Tambaya: Malama, ina cikin damuwa. 'Yata mai shekara 19 ta haɗu da wani a Facebook, ya ce shi wakilin wata makaranta ce a waje, za ta riƙa karatu tana aiki ana biyan ta. Ya ce su za su biya kuɗin jirgi, a riƙa cira daga albashinta. Wai ta shiga da bizar yawon buɗe ido, in ta isa a canza mata, kuma fasfonta ofishinsu zai ajiye mata don kada ya ɓata. Ya ce kada ta yayata saboda 'yan baƙin ciki. A wayarta na gani. Ita kuwa ta ƙwallafa rai. Me zan yi?

Wata uwa

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da kika rubuto kafin ta tafi. Kada ta je. Duk abin da kika lissafa, bashin jirgi, biza ta bogi, riƙe fasfo, ɓoye wa dangi, ba ɗaya ba ne ko biyu, dukkan alamomin ne suka haɗu a wuri guda. Makarantar gaskiya ba ta karɓar fasfon ɗalibi ta ajiye, kuma ba ta shigo da shi da bizar yawo.

Sunan karatu ya zama tarko a 'yan shekarun nan. A Oktoban 2024 AP ta ba da rahoton 'yan mata kimanin 200 daga ƙasashen Afirka, masu shekara 18 zuwa 22, da aka jawo ta kafafen sada zumunta da alkawarin tikiti kyauta da koyon aiki irin na otal, suka tsinci kansu suna harhaɗa jiragen yaƙi marasa matuƙa a Alabuga, yankin Tatarstan na Rasha. A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da kimanin 100,000 a Kambodiya ana tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da yawansu masu ilimi ne, tallar aikin ofis suka bi.

Kada ki fara da faɗa, domin abin da mutumin yake jira ke nan, ya ce mata ai na gaya miki za su hana ki ci gaba. Ki zaunar da ita, ki ce kin yarda ta yi karatu a waje, amma ku tabbatar tare. Ita da kanta ta nemo shafin makarantar, ba ta adireshin da ya turo ba, ta rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ta tambaya ko sun san shi da ko sunanta na wurinsu. Ku tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar ku ji ko ana canza bizar yawo zuwa ta ɗalibi yadda ya faɗa. Ta ce masa ya turo yarjejeniyar a rubuce, da adadin bashin da albashin. Galibi daga nan suke fara matsa lamba, su ce gurbin zai rufe gobe, ko su ɓace.

Kafin komai ki ɗauki hoton duk hirarsu, da lambobinsa, da shaidar duk kuɗin da ta tura in ta tura. Fasfon ya dawo hannunki a yau. Ki kai takardun ga hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasarku ko ofishin hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, mafi kusa, kada ki je ki tunkare shi da kanki. Ki tambaye ta kuma ko akwai ƙawayenta da ya yi wa irin wannan tayin, domin da wuya a ce ita kaɗai ya rubuta wa, sai ki sanar da iyayensu.